Mata da Aikin Sulhu a Cikin Al'umma

Shigar mata cikin aikin sulhu na nufin rawar da suke takawa wajen hana rikici tashi, kashe wutarsa idan ya tashi, da ɗinke ɓarakar da ya bari. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wannan rawa a ƙuduri mai lamba 1325 na ranar 31 ga Oktoba 2000, wanda ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: damawa da mata, kare su, rigakafin rikici, da agaji tare da farfaɗowa.

Galibi aikin daga ƙasa yake farawa, domin mata kan riga kowa ganin alamun fitina: samari sun daina kwana a gida, ana ɓoye makamai, ciniki ya tsaya tsakanin ɓangarori. A Wajir da ke arewa maso gabashin Kenya, faɗan dangogi ya kai har cikin kasuwa a 1993. Wasu mata, ciki har da Dekha Ibrahim Abdi, suka kafa tawagar sa ido don kowa ya saya ya sayar ko daga wane dangi ya fito, sannan suka jawo dattawa da hukuma cikin maganar. A Laberiya kuwa, a 2003, mata Musulmi da Kirista ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee sun yi zaman dirshan cikin fararen kaya, suka bi masu tattaunawar kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar har Akara, babban birnin Ghana, suka tare ƙofofin zauren taro. An sa hannu kan yarjejeniya a watan Agusta na shekarar.

Cikas mafi girma yakan bayyana ne da zarar magana ta koma teburin hukuma. A can ana raba kujeru bisa ƙarfin bindiga ko sarauta ko dangi, kuma duk ukun a hannun maza suke. Shi ya sa a taron sulhun Somaliya da aka yi a garin Arta na ƙasar Jibuti a 2000, inda aka raba wakilci bisa rukunonin dangogi biyar, Asha Hagi Elmi da abokan aikinta suka kira kansu "dangi na shida" don su samu gurbi. Tsakanin 1992 da 2019, kashi 13 cikin ɗari ne kawai na masu tattaunawa a manyan shirye-shiryen sulhu mata ne.

Sauran matsalolin sun fi kama da ƙananan abubuwa, amma su ke hana zuwa. Taron da aka sa da dare ko a gari mai nisa ya kori mai goyo tun kafin a fara, haka ma rashin kuɗin mota da neman izinin miji. Wadda ta fito fili tana fuskantar barazana da ɓata suna. Ƙungiyoyin mata na karkara kuma ba kasafai suke da rajista ko asusun banki da masu ba da tallafi ke nema ba.

Akwai kuma wakilcin jeka-na-yi-ka: a ɗauko matar wani babba a matsayin 'yar kallo, ba ta da ƙuri'a, ba ta da jama'ar da za ta koma ta yi wa bayani. Ware kaso na kujeru bai magance wannan sai idan matan ne suka zaɓi wakilansu, aka kuma ba su takardun taro tun da wuri.