Dogon layin duba fasfo a Turai: me dokar EES ta ce?

Tun da Tarayyar Turai ta fara aiki da tsarin rajistar shiga da fita, wanda ake kira EES, a ranar 12 ga Oktoban 2025, saƙonnin murya suka yi ta yawo a WhatsApp. Wani ya ce an ƙirƙiro sabon kuɗi da za a biya a filin jirgi. Wani ya ce bizar da ke hannunka ta daina aiki sai ka sake rajista a intanet. Wata kuma ta rantse cewa an kafa na'urorin ne don a riƙa juyo da baƙar fata daga bakin ƙofa. Hotunan cunkoson da ake haɗawa da saƙonnin na gaske ne, amma yawancin bayanin da ke biye da su shaci-faɗi ne.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 2017 aka amince da ita, jinkirin haɗa na'urori ne ya kai ta 2025, sannan aka ba ƙasashe wata shida su shigar da ita sannu a hankali zuwa 10 ga Afrilun 2026. Aikinta shi ne maye gurbin tambarin da jami'i ke bugawa a fasfo da rajista a kwamfuta: suna, lambar fasfo, rana da wurin shiga, rana da wurin fita, hoton fuska da zanen yatsu. Ƙasashe 29 ne ke amfani da ita, wato 25 na Tarayyar Turai da Norway, Suwizalan, Iceland da Liechtenstein. Ireland da Cyprus ba sa ciki, Birtaniya ma hanyarta daban. Ta shafi baƙo mai gajeriyar ziyara. Mai katin zama da mai bizar dogon zama, kamar ɗalibai, ba ta shafe su ba. Yaron da bai kai shekara 12 ba hoto kawai ake ɗaukarsa.

Ba a biyan ko sisi don wannan rajista. Yuro 20 ɗin da ake ta ambato na wani tsari ne daban mai suna ETIAS, kuma shi na 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza ne, irin su Amurka da Birtaniya. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan ba ruwansa da shi. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka "rajistar EES" kafin ka tashi, damfara ce, domin a gaban jami'in kan iyaka ake yin ta.

Batun yatsu ma ba baƙo ba ne ga namu mutanen. Tun 2013 ofisoshin jakadancin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗa biza ɗaya suka cire binciken fasfo a tsakaninsu, a Afirka ta Yamma ke ɗaukar yatsu goma na mai neman biza, suna ajiyewa a rumbun bayanan biza. Shi ya sa mai biza ba a sake yi masa rajistar yatsu a EES. Hotonsa ake ɗauka, a kuma sa ya ɗora yatsa don a gwada da wanda ke ajiye. Waɗanda abin ya zame wa sabo su ne Amurkawa da Turawan Ingila, da a da suke miƙa fasfo a buga musu su wuce, yanzu kuma sai an ɗauki yatsunsu huɗu. Da su kuma ake cakuɗa mai biza a layi ɗaya.

To me ke tsawaita layin? Rajistar farko ta fi buga tambari cin lokaci. Lissafa da kanka: jirgi mai fasinja 300, ƙofofi huɗu a buɗe, in kowane mutum ya ƙara minti biyu, na ƙarshe zai ƙara awa biyu da rabi a tsaye. In kuma manyan jirage uku suka sauka da asuba kusan lokaci ɗaya, kamar yadda na Afirka da na Amurka kan yi, sai zauren ya cika har bakin matakala. Ga na'urar da kan ƙi karanta fasfo, ga ƙarancin jami'ai. A ƙarshen Disambar 2025 sai da gwamnatin Portugal ta dakatar da tsarin na wata uku a filin jirgin Lisbon saboda cunkoso. Babu dokar da ta ce dole a sallame ka cikin minti kaza. An dai ba hukumomi damar sassauta bincike, ko a watannin farko na tsarin su dakatar da ɗaukar bayanai na ɗan lokaci, in layi ya wuce kima, kuma wannan zaɓinsu ne, fasinja ba shi da hurumin nema.

Akwai ƙananan abubuwan da ke hannun matafiyi. Lalle mai duhu a kan yatsu, ko bushewar fata irin ta hunturu, kan sa na'ura ta yi ta ƙin karɓa, don haka Hajiya ta haƙura da ƙunshi sai an dawo. Ba a cire hijabi, amma dole fuska ta fito tun daga goshi har haɓa, mai niƙabi kuma za ta ɗaga. Wanda yatsunsa ba sa ɗaukuwa saboda ciwo ko nakasa doka ta ɗauke masa. Wanda ya ƙi bayarwa da gangan kuwa ba zai shiga ba. A riƙe takardar masauki, tikitin dawowa da shaidar kuɗin guzuri a hannu, a kan takarda, domin jami'i na da ikon tambaya ko da kana da biza, kuma lalube a waya ana neman intanet na cikin abin da ke tsayar da layi. A kauce wa layin da ke da alamar shuɗiyar tuta mai taurari, na 'yan Tarayyar ne.

Inda layin ke cizo sosai shi ne wajen canjin jirgi. A filin jirgin Schengen na farko da ka sauka ake duba fasfo. Wanda ya taso daga Abuja zuwa Rum a Italiya ta Frankfurt a Jamus, a Frankfurt zai yi layi, jirginsa na biyu kamar na cikin gida yake. Haka wajen dawowa, a filin ƙarshe ake rajistar fita. Dokar diyyar fasinja ta 2004 ta shafi jinkirin jirgi, soke tashi da hana hawa, ba ta rufe wanda layin fasfo ya makarar ba. In tikitinka ɗaya ne, kamfanin kan nemo maka jirgi na gaba. In kuwa ka sayi biyu daban don neman araha, asarar taka ce. Canjin awa ɗaya da rabi da a da ake ganin ya isa, yanzu ganganci ne, a nemi awa uku.

Sai dai layi wahalar yini ɗaya ce. Abin da ya kamata ya fi damun mutane shi ne ƙidayar kwana, kuma kusan ba wanda ke maganarsa.

Ƙa'idar ita ce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Mutane da yawa sun ɗauka in ka fita ka sake shigowa ƙidayar ta koma farko, ko kuma shekara ce aka raba biyu. Ba haka ba ne. A kowace rana da kake can, ana waiwayen kwana 180 da suka wuce a ƙirga nawa ka yi a ciki, kuma ranar shiga da ranar fita duk cikakkun kwanaki ne, ko da ƙarfe sha ɗaya na dare ka sauka. Ɗan kasuwar da ya shiga 1 ga Janairu ya fita 1 ga Maris ya ci kwana 60. In ya koma 1 ga Mayu, 30 ne suka rage masa, dole ya fita zuwa 30 ga Mayu. Ƙasashen 29 a dunƙule ake ƙirga su, tsallakawa daga Italiya zuwa Faransa ba fita ba ce.

Ga mai biza akwai wani tarkon. A jikin bizar akwai ranakun da take aiki, akwai kuma adadin kwanakin da aka ba ka, kuma ba ɗaya suke ba. Biza na iya aiki daga 1 zuwa 30 ga Yuni amma kwana 15 aka rubuta. Kwana 15 ɗin ne naka, sauran rarar ce aka bari ko da ranar tafiya ta gusa. A da, jami'in da ya gaji yana iya kasa gano tambarin shiga a cikin fasfon da ya cika. Yanzu kwamfuta ce ke ƙirgawa, kuma da zarar kwanakin sun ƙare babu rajistar fita, sunanka ya hau jerin waɗanda suka zarce.

EES ɗin kanta ba ta yanke hukunci, kowace ƙasa da nata. A Holand, zarce wa'adi da fiye da kwana uku na iya jawo haramcin shiga na shekara ɗaya, fiye da kwana 90 kuma shekara biyu. A Jamus zama ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da ke iya kai wa ga tara ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba. Haramcin da ƙasa ɗaya ta sa yakan rufe ƙofar sauran. Bayanan mai bin ƙa'ida shekara uku suke yi a rumbun, na wanda ya zarce shekara biyar, kuma jami'in biza na ganinsu duk lokacin da ka sake nema. Wanda rashin lafiya ko soke jirgi ya tsare, ya nemi ƙarin kwanaki a ofishin baƙi na ƙasar kafin bizarsa ta ƙare. In dalilin na dole ne kyauta ake yi, in na ƙashin kai ne Yuro 30.

Na'ura ma tana kuskure. In tsarin ya tsaya ranar da ka fita, aka wuce da kai ba a rubuta ba, a idon kwamfuta kana nan a Turai. Dokar ta ba ka damar neman a gyara, kuma dole a amsa maka cikin kwana 45, amma kai ne za ka kawo hujja. A nan ne ma'aunin ya karkata: an cire tambarin da yake shaidarka a hannunka, an mayar da ita rumbun da ba ka gani, ga mutumin da tuni ya biya Yuro 90 kuɗin biza wanda ba a mayarwa ko an hana shi. Don haka a adana katin shiga jirgi na dawowa, a kuma tabbatar jami'in shige da fice a Kano, Abuja ko Yamai ya buga tambarin isowa a fili, kwanan watan na karantuwa.