Waiwaye: Yadda sharuɗɗan karatun kimiyyar kwamfuta suka samo asali

Wanda ya duba sharuɗɗan shiga sashen kimiyyar kwamfuta a manyan jami'o'i zai ga wani abu da ke ɗaure wa ɗalibai kai. Lissafi dole ne, amma sau da yawa ba wanda zai tambaye ka ko ka taɓa rubuta manhaja. Haka abin yake a Oxford da Cambridge, kuma yana da asali.

Daga tsatson lissafi fannin ya fito. A 1953 Cambridge ta buɗe difloma ta shekara ɗaya kan sarrafa injin lissafi, ga waɗanda suka riga suka gama digiri. Jami'ar Purdue ta kafa sashe na farko a Amurka a 1962, Manchester kuma ta fara digirin farko a Ingila a 1965. A zamanin, kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, kuma da wuya ka samu ɗan sakandaren da ya taɓa sa mata hannu. To da me za a auna shi in ba lissafi ba? Ni a ganina ma'aunin ya dace, domin rubuta manhaja bin hujja ne daki-daki. Masani Edsger Dijkstra ya ƙara wani sharaɗi a 1975 wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba: ya ce bayan son lissafi, babu jarin da ya kai ƙwarewar mutum a harshen uwarsa ga mai rubuta manhaja.

Tsanani ya shigo ne a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje. Ɗalibai suka yi dafifi, malamai suka yi kaɗan, domin kamfanoni na wawashe su da albashi mai tsoka. Sai jami'o'i da dama a Amurka suka ƙayyade gurabe, suka ɗaga maki, suka tsaurara darussan shekarar farko don tankaɗe da rairaya. Ba fannin ne ya ƙara wuya ba, kujeru ne suka gaza.

A nan ne aka yi asara. Wanda aka saya wa kwamfuta tun yana yaro ya shiga aji da fifiko, kuma galibi maza ake saya wa. Mata sun kai kusan kashi 37 cikin ɗari na masu kammala wannan digiri a Amurka a 1984, amma zuwa 2010 sun koma ƙasa da kashi 20. Tsauraran sharuɗɗa ba su kaɗai suka jawo haka ba, sai dai da hannunsu a ciki.

Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta gwada wata hanya a ƙarshen shekarun 1990. Ta riƙe sharaɗin lissafi da kimiyya, ta daina fifita waɗanda suka iya rubuta manhaja tun daga gida, ta kuma horar da malaman sakandare. Mata a cikin sababbin ɗalibanta na kimiyyar kwamfuta suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000.