Me ake nufi da "yaƙin bayanai"?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, "yaƙin bayanai" ya zama gishirin kowace muhawara a gidajen rediyon Maradi. Mutum ya ce ɓarayin daji sun sace shanu wajen Madarunfa, sai a ce yaƙin bayanai yake yi. Mai sayayya ya ce tiyar hatsi ta hau, shi ma a laƙaba masa. Wannan yana ba ni haushi, domin ana ɓata kalmar da muke buƙata.

Kafin a kira abu da wannan suna, sai an samu gwamnati ko rundunar soja da ke biyan kuɗin aikin yaɗa labarin, tana da abin da take so jama'a su aikata, kuma ta ɓoye hannunta. Ɓoye hannun nan shi ne ƙashin bayan aikin.

A 1983 hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, ta sa aka buga wasiƙa marar sa hannu a wata ƙaramar jaridar Indiya mai suna Patriot, wai Amurka ce ta ƙera cutar sida. Ba wanda ya kula, su ma ba su yi gaggawa ba. Sai a 1985 wata jaridar Mosko ta ɗauko zancen tana cewa ga abin da aka buga a Indiya. Daga nan aka kawo masanin kimiyya daga Jamus ta Gabas ya sa wa maganar rigar ilimi, jaridun ƙasashe da dama suka yi ta kwafa, kowa yana jingina wa na gabansa. Mai karatu ya ga majiya goma, alhali bakin ɗaya ne. Har yau akwai masu rantsuwa da wannan labari.

Kuma babu mai tsabtar hannu a manyan ƙasashe. A 2024 Reuters ta bankaɗo yadda sojojin Amurka suka buɗe shafukan bogi don ɓata rigakafin korona na Sin, har da raɗa wa Musulmi cewa akwai sinadarin alade a ciki.

A nan wajenmu hanyar ta fi gajarta. Muryar WhatsApp ce ta minti biyu, da Hausa tsantsa, an ambaci Ɗan Issa ko Jibiya don a yarda, an haɗa da tsohon bidiyo na wata ƙasa. Na ƙarshe da zai turo maka ƙanin babanka ne, da zuciya ɗaya, ba sisin da aka ba shi. Alamar aikin hukuma ita ce shafuka sababbi da yawa su saki jimla iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya, cikin awa ɗaya.

Ɓarnar da ta fi damuna kuwa daga masu mulki take zuwa. In aka saba kiran kowane labari mai ɗaci makircin abokan gaba, ranar da hukuma ta ƙaryata jita-jitar da ƙarya ce da gaske, mutanen ƙauye ba za su saurara ba, su kwashe iyali su bar gonaki a tsakiyar damina.