Fim ya tara kuɗi a sinima, ba shi ne marubuci ya yi arziki ba

Mutane da yawa da sun ji an ce fim kaza ya tara dala miliyan ɗari biyar sai su ce ai marubucin ya warke. Ina! A Amurka tun kafin a kunna kyamara ake biyan marubuci kuɗin aikinsa, shi ke nan an sallame shi, tikitin da ka saya a ƙofar sinima kuwa kusan rabinsa na masu sinimar ne, a sauran kuma kamfanin da ya shirya fim ɗin ya cire kuɗin shiryawa da na talla wanda wani lokacin ya kan yi kusa da na shirya fim ɗin kansa.

Ka duba fim ɗin Forrest Gump na 1994, ya haura dala miliyan 600 a duniya, amma Winston Groom da ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki, wanda aka yi wa alkawarin kashi 3 cikin ɗari na riba, sai aka nuna masa lissafi wai fim ɗin bai ci riba ba tukuna. Wallahi abin dariya abin haushi.

Ɗan abin da ke biyo marubuci daga baya daga talabijin ne da manhajoji irin su Netflix, kuma yana cikin abin da ya sa marubutan Hollywood suka shafe kwana 148 suna yajin aiki a 2023.