Mazubin harsashi na bindigogin Winchester na da

Mazubin harsashi ƙarfe ne mai ɓari biyu da hannaye irin na awartaki. A tsakiyarsa akwai rami mai siffar kan harsashi. A nan ake zuba narkakkiyar dalma, idan ta daskare a buɗe, kan ya faɗo. Wannan maƙala ta shafi mazuban bindigogin Amurka na ƙarni na 19 masu cin harsasai da yawa, waɗanda ake ɗana su da jan wani hannu da ke ƙarƙashin kunama.

Tarihi

Bindigar Henry ta 1860 da Winchester ta 1866 suna amfani da kwanson da ba a iya sake cika shi. Winchester ta 1873, wadda aka ƙera a New Haven ta jihar Connecticut, ita ce ta zo da harsashin .44-40 mai makunni a tsakiyar gindin kwanso, wanda za a iya cirewa a sa sabo. Daga nan mafarauci ko makiyayin da ke nesa da kanti ya samu damar tsince kwansonsa, ya narka dalma a kan wuta, ya sake haɗa harsashi da hannunsa. Kamfanin Winchester da kansa ya riƙa sayar da mazubi da kayan ɗuri. An ƙera bindigogin wannan samfuri kimanin 720,000, kuma an daina ne wajen farkon shekarun 1920.

A 1884 John H. Barlow, tsohon ma'aikacin Winchester, ya kafa kamfanin Ideal a wannan gari. Kamfanin ya koma hannun kamfanin bindigogi na Marlin a 1910, sannan kamfanin Lyman ya saye shi wajen 1925. Mazubin Ideal mai lamba 42798, wanda daga baya aka sake wa lamba 427098, kwaikwayon kan harsashin .44-40 na asali ne: nauyi kusan giram 13, faffaɗan baki, da kwarmi biyu na maiko. Lambobi uku na farko faɗin kan ne a ma'aunin kashi dubu na inci.

Siffar kai

Ma'ajiyar harsasan waɗannan bindigogi bututu ce a ƙarƙashin hancin bindiga, harsasai na jere ɗaya bayan ɗaya, bakin na baya yana tokare da makunnin na gaba. Kai mai tsini na iya tayar da na gabansa sa'ad da bindiga ta yi naushi da baya, shi ya sa ake zaɓen mazubi mai fitar da faffaɗan baki. Tsawo ma abin lura ne. Samfurin 1873 yana ɗaga harsashi ne da wani ɗan akwatin tagulla, kuma harsashin da ya wuce misalin inci 1.59 yakan maƙale a ciki.

Sai batun kwarmin da bakin kwanso ke kamawa. Tsohon zubi ba shi da shi, don baƙin albarushi yana cika kwanso maƙil, kai ya zauna daram a kansa. Albarushi marar hayaƙi kuwa kaɗan ake sawa, saboda haka sifirin ɗin ma'ajiya na iya tura kan ya nutse cikin kwanso. Mazuban baya-bayan nan sun ƙara wannan kwarmi, wasunsu kuma sun rage wurin maiko, abin da bai yi wa masu baƙin albarushi daɗi ba, don maikon ne ke tausasa tokar da ke taruwa cikin hancin bindiga.

Awo

A takarda faɗin .44-40 inci 0.427 ne, amma tsofaffin bindigogi sun sha bamban da juna, kuma da yawa daga cikin na zamani 0.429 ne. Masu zubi kan tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin hancin bindigar su auna shi, su nemi kan da ya ɗara hakan da misalin inci 0.001. Wanda ya gaza yakan bar dalma manne a hancin bindiga, saiti ya lalace.

Harsashin .30-30 na 1895 ya fi gudu, don haka mazubansa, irin su Lyman 311041, suna barin gurbi a gindi inda ake sa 'yar hular jan ƙarfe.

Ƙarfen mazubi da dalma

Na baƙin ƙarfe, irin na kamfanonin Lyman da RCBS, ya fi ƙarko amma yana tsatsa. Na alminiyam, irin na kamfanin Lee, ya fi araha da saurin ɗaukar zafi. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, kuma akan gauraya ta da kuza kaɗan don ta cika kusurwoyin rami. Dalma guba ce, ba a aikinta a rufaffen ɗaki.

Saɓani

A 1953 Marlin ya fito da hancin bindiga mai ƙananan zane marasa zurfi a cikinsa, wato Micro-Groove. Wasu sun ce ba ya riƙe kan dalma da kyau. Wasu sun ce laifin awo ne.

A yau

Da yawa daga cikin masu sayen waɗannan mazubai 'yan gasar harbi ne irin ta kaboyi, da bindigogin kwaikwayo na kamfanin Uberti na Italiya.