Hawan dutse a bazara: ga masu niyyar zuwa Tula, Bima ko Dass

Daga watan Maris zuwa Mayu matasa kan yi ayari su tafi hawan dutse, wasu Tula ko Kilang a ƙasar Kaltungo, wasu Bima kusa da Dadin Kowa, mutanen Bauchi kuma Mbula a Dass. Ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, hanya a fili, sai a ɗauka lokacin ne mafi sauƙi. Amma a watannin nan ne zafi ke kai maki 40, dutse kuma ya sha rana ya riƙa huro wa mai tafiya zafi ta ƙasa.

A fara hawa da an sallame asuba, a sauko kafin ƙarfe 11. Kowa ya ɗauki ruwa aƙalla lita 3, wato ledar fiya wata 6, ya riƙa kurɓa kafin ƙishi ya kama shi. Da ruwan ya kai rabi a juya, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Gumi yana fita da gishirin jiki, don haka a tafi da ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ko a haɗa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai azumi ya haƙura da hawan.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa alamu ne zafi ya fara cin mutum: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a ba shi ruwan. Idan ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa jikinsa sharkaf, a yi ta fifita, a nufi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, zai shaƙe.

Sai maciji. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kububuwa ta yi yawa a yankin, gajeriya ce, launinta kuma ya saje da tsakuwa. Takalmi sau-ciki da dogon wando su ne kariya, silifa ba ta hawan dutse. Kada a zura hannu a tsagar dutse ko a ɗaga dutse don neman wurin zama. In ta yi sara, a cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar kara kamar yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau da igiya, domin ɗaurin kan kashe gaɓar. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa tsagar ke zama masifa, kuma shi ya sa ba a ba da asfirin ko diclofenac, sai farasitamol. Mutum na iya jin garau a farko, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari. Zaman jiran a ga abin da hali zai yi, ko biyawa ta wajen mai maganin gargajiya, shi ne ke cinye lokacin da allurar kashe dafi take bukata.

Ruwan farko na Afrilu ko Mayu da iska da tsawa yake zuwa. Da an ji rugugi a bar saman dutse da gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, kada kuma a fake a kwazazzabo, don ruwan da ya sauka can sama kan cika shi cikin mintoci. Falalen dutse da ƙura ta kwanta a kai, yayyafi kaɗan ke mayar da shi santsi, musamman wajen saukowa lokacin da gwiwa ta gaji.

Kafin a hau a gaida mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Shi ya san inda ƙudan zuma suke da wuraren da al'ada ta hana baƙo shiga. A bar wa wani a ƙasa sunayen ’yan ayarin da lokacin dawowa, domin ba ko’ina waya ke samun sabis ba.