Rufin kwano mai tsayayyar kalmasa

Rufin kwano mai tsayayyar kalmasa wani nau'in rufin ƙarfe ne da ake jera dogayen fallaye tun daga ƙololuwar rufi har bakin indararo, kowane falle an lanƙwasa gefensa sama, sai a haɗa shi da gefen na kusa da shi a naɗe su tare kamar dai yadda tela ke kalmashe bakin riga. Mahaɗar tana tsaye ne sama da hanyar da ruwa ke bi, tsayinta daga milimita 25 zuwa wajen 75. Abin da ya raba shi da kwanon da aka saba gani shi ne ba a huda shi, duk faɗin rufin ba za ka ga kan ƙusa ko sukuru a waje ba. Ana sa shi a gidajen zama da shaguna da sito da makarantu da filayen jirgin sama.

Tarihi

Ba a san takamaiman lokacin da aka fara shi ba, amma dai sana'ar ta girma ne a Turai a hannun maƙeran tagulla da dalma masu rufa coci-coci da fadojin sarakuna. Ana yawan kawo misali da babbar cocin Hildesheim a Jamus, wadda aka ce an yi mata rufin tagulla a wajajen 1280 kuma ya zauna har aka yi wa garin ruwan bama-bamai a 1945. A wancan zamanin da guduma ake buga ƙarfen ya zama falle, shi ya sa fallayen ƙanana ne kuma ga tsada, talaka ko a mafarki.

Ƙarni na 19 ne ya canza lissafin. A garin Liège na Beljiyam wani Jean-Jacques Dony ya gano hanyar narko tutiya da yawa a farkon ƙarnin, aka fara murza ta a inji tana fitowa falle-falle, har ana cewa a wajajen 1811 aka rufa wata coci da ita a garin, sannan a 1837 aka kafa kamfanin Vieille Montagne wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwar tutiya. A wannan shekarar ce kuma Stanislas Sorel ya yi rajistar dabararsa ta tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don hana tsatsa a Faransa. Da Haussmann, jami'in da ke kula da birnin, ya sake fasalin Paris tsakanin 1853 da 1870 tutiya ce ta mamaye rufin sababbin gidajen saboda ba nauyi kuma tana lanƙwasuwa yadda ake so, ko da yake da yawansu a kan ɗan siririn katako ake yin mahaɗar, wato ɗan'uwan wannan salon ne ba shi kansa ba. A Disambar 2024 UNESCO ta saka sana'ar masu rufin tutiya na Paris cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kwano mai tudu da kwari wani reshe ne daban, Henry Robinson Palmer ne ya yi rajistarsa a Landan a 1829, kuma shi ne ya bi jiragen ruwa ya cika ƙasashen da Turawa suka mallaka saboda araha da sauƙin bugawa.

A Amurka kuwa ƙarfe mai rufin kuza, ko gamin kuza da dalma, shi aka fi amfani da shi a ƙarni na 19, ana kalmashe shi da hannu a shafa masa fenti, galibi ja, har yau akwai tsofaffin gidajen gona da irin rufin a jihohi kamar Bajiniya da Pennsylvania. Salon zamani na masana'antu ya bunƙasa ne a shekarun 1960, kamfanin Butler ya fito da samfurinsa MR-24 a 1969, sai kamfanin Bethlehem Steel ya kawo Galvalume kasuwa a 1972, ƙarfe ne da aka lulluɓe da gamin alminiyam kashi 55, tutiya wajen kashi 43 da ɗan silikon.

Yadda ake haɗa shi

Sirrin abin yana wajen 'yan ƙananan maƙalai da ake ɗaurewa a jikin katako ko ƙarfen rufi, bakinsu ya kama gefen fallen, in aka naɗe mahaɗar sai su ɓuya a ciki. Dalili kuwa ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, rana ta buga ya miƙe, dare ya yi ya tsuke. Fallen alminiyam mai tsayin mita 10 in zafinsa ya canza da digiri 50 a ma'aunin Celsius zai ƙaru da wajen milimita 12, na baƙin ƙarfe kuma wajen 6, to in da ƙusa aka danne shi wannan kai-komon ne ke buɗa ramin a hankali har robar ƙusar ta mutu yoyo ya fara. A nan kuwa ana kafe fallen a wuri ɗaya ne kawai, sauran maƙalan masu zamewa ne suna barin shi ya yi motsinsa.

Kalmasar akwai mai ninki ɗaya da mai ninki biyu, ta biyun ta fi riƙe ruwa don haka ita ake sa wa rufin da bai da gangara sosai, har mai gangarar wajen digiri 3. Akwai kuma wanda ake danna shi kawai ya ƙulle ba sai an bi da inji ba, ya fi sauri amma yana son gangara. Faɗin falle yawanci santimita 30 zuwa 60 ne, kuma yanzu ana iya kai injin murzawa wurin gini a yanko kowane falle daidai tsayin rufin ba tare da gami a tsakiya ba.

Matsaloli

Ya fi kwanon sukuru tsada, kaya da kuɗin aiki duka, kuma ba kowane kafinta ne ya iya shi ba. Fuskar fallen takan yi 'yar lotsawa da ake hangowa in rana ta haska, masu sayarwa na cewa ba aibu ba ne, masu gida da yawa ba su yarda ba. Ba a haɗa tagulla da tutiya ko alminiyam a rufi ɗaya, ruwan da ya gangaro daga tagullar ma kaɗai yana cinye su.

Batun daɗewa akwai saɓani, kamfanoni na faɗin shekara 40 zuwa sama ga ƙarfe mai fenti, tagulla dai an ga ta haura ɗari. Ƙarar ruwan sama ta danganta da silin da abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashi. Masana ba su ga hujjar cewa rufin ƙarfe na jawo tsawa ba.

Amfani a yau

Masu sa sola na sonsa don ana maƙala farantan a jikin mahaɗar ba tare da an huda rufin ba. A Najeriya kwanon lonsifan da ake ɗaurewa da sukuru ta sama shi ya fi yawa a gidaje, wannan kuwa an fi ganinsa a manyan gine-gine.